Yadda Ake Karanta Ƙagaggen Labari a Ci Moriyarsa: Jagora Ga Masu Karatu a Jos

Masu karatu a garin Jos sun fi yadda ake zato yawa. Akwai matar aure a Rikkos da ke bin labari shafi-shafi a WhatsApp, akwai tela a Gangare da ke kunna karatun littafi a YouTube yana taka keke, akwai ɗalibin jami'a a Bauchi Road da ke da littattafai jibge a cikin waya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne karatun natsuwa. Yawancinmu gudu muke yi mu ga wa ya auri wa, wa ya mutu, asirin wa ya tonu. In an kai ƙarshe sai a ce "ya yi daɗi" ko "akwai darasi", a buɗe wani. Marubuci ya yi wata da watanni yana auna kalma, mu kuma mu haɗiye ta cikin dare ɗaya ba mu ji ɗanɗanonta ba. Wannan jagora na wanda yake son ya riƙa tambayar yadda aka faɗi labari ne, ba abin da ya faru a cikinsa kaɗai ba.

Fara da littafi biyu, tsoho da sabo

Kada ka ɗauki littafi ɗaya. Ka nemi biyu, ɗaya na mazan jiya, ɗaya na wannan zamani, ka karanta su a jere. Dalilin shi ne ido ba ya gane salo sai ya sami abin kwatantawa. Wanda bai taɓa karanta komai ba sai littattafan soyayya na waya zai ɗauka haka ake rubuta labari a ko'ina. Wanda kuma ya tsaya a kan Magana Jari Ce tun daga firamare zai riƙa cewa rubutu ya mutu, alhali bai duba ba.

Haɗin da na fi so ga mai farawa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Dukansu biyu akwai uwa a tsakiyarsu, uwar da duniya ta juya mata baya, amma tsakaninsu akwai fiye da shekara 50, kuma ɗaya namiji ne ya rubuta, ɗaya mace. In kana son abin dariya da barkwanci, Ruwan Bagaja ya ishe ka a ɓangaren tsofaffi. In soyayya ce ta fi jan ka, haɗa Jiki Magayi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ka ga yadda kuɗi ke shiga tsakanin masoya a 1934 da kuma a 1991.

Wajen samu, ka leƙa wurin masu sayar da littattafan makaranta a kewayen Terminus da layin babban masallacin Juma'a. Tsofaffin littattafan da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ke bugawa sun fi sauƙin samu domin ana karanta wasunsu a makarantu. In ka rasa, ka ba wani mai zuwa Kano ko Zariya sallahu. Ka fifita na takarda a kan na waya in da hali, domin za ka buƙaci yin alama da fensir.

San zamanin da littafin ya fito

Kafin ka buɗe shafin farko, ka ɗan san inda littafin ya fito. Wannan ba aikin jami'a ba ne, minti goma ya isa, amma yana hana mutum yanke hukuncin zalunci.

A 1933 ne hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Waɗannan mutane ba su da wani littafin ƙagaggen labari na Hausa a gabansu da za su kwaikwaya. Abin da suke da shi tatsuniya ce, da labaran mayaƙa, da littattafan Larabci irin su Alfu Laila, da abin da suka karanta a makarantar boko. Shi ya sa za ka ga Ruwan Bagaja na tafiya gari-gari, kowane gari da abin da ya faru a cikinsa, kamar an jera gajerun labarai an ɗaure su da igiya ɗaya. Shi ya sa kuma Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa wanda ke da tushe a tarihi, sannan ya zarce ƙasashen aljanu ba tare da neman izini ba. Wanda ya ce wannan rauni ne bai fahimci mutanen da aka rubuta wa ba. Su a kunne suka saba karɓar labari, kuma kunne na son abu ya riƙa faruwa.

Littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano kuwa wani zamani ne ya haife su. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya samar da dubban matasa, musamman 'yan mata, masu iya karanta Hausa. Kafin su girma tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Wannan ne ya sa littattafan suka zama sirara, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, a yanke shi daidai inda rai ya tashi domin a dawo a sayi na gaba. Kurakuran rubutu da ke cikinsu ma daga nan suke, babu editan da ya bi su. In ka san haka, ba za ka jefar da littafi don ka ga an haɗe kalmomi ba, za ka nemi abin da ke ƙarƙashi. Kuma kafin wannan guguwa akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 ta hanyar gasar NNPC, ya buɗe wa mata ƙofa.

Karatun farko

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka ware lokaci ɗaya a rana, ko rabin awa ne, bayan Isha'i ko bayan Asuba, ka ajiye waya nesa. Daren hunturun Jos, lokacin da sanyi ya kori kowa daga majalisa, ya dace da wannan aiki ƙwarai. Ka bi labarin yadda ya zo, kada ka tsaya nazari. Abu ɗaya kawai za ka yi: duk inda ka ji wani abu ya motsa maka, dariya ko haushi ko tausayi, ka ɗiga alama a gefen shafin ka wuce. Kuma ka karanta aƙalla shafi biyu da murya. Rubutun Abubakar Imam musamman, ba a gama sanin sa sai an ji shi a baki.

Wa ke ba da labarin, kuma wa yake ba wa?

A nan ne karatu na biyu ke farawa, kuma a nan ne na fi son a daɗe. Tambayar da ta fi kowace buɗe littafi ita ce: muryar wa nake ji?

Ɗauki Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Da yawa daga cikinmu mun tuna labaran ciki, irin su na Kalala da Kalalatu, amma mun manta dalilin da ya sa ake ba da su. A littafi na farko aku ne ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare domin ya hana shi fita, ga kuma Waziri na ƙulla makirci a waje. Ke nan kowane labari aiki yake yi: jinkiri ne, ceton rai ne. In ka karanta da wannan a zuciya, sai ka fara lura da dabarar akun, yadda yake jan zance, yadda yake jefa wani labari daidai lokacin da yaron ya yunƙura. A littafi na biyu labari ya zama makamin gasa tsakanin aku biyu, a na uku kuma ya zama darasin da akun ke koya wa ɗansa Fasih. Littafin gaba ɗaya yana gwada abin da sunansa ya faɗa ne. Sanannen abu ne cewa Imam ya ɗebo da yawa daga labaran nan daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, to amma ka duba abin da ya yi da su: ya sa musu riga da hula, ya ba su sunayen unguwa, har ba mai jin baƙunta a tare da su. Wannan ma fasaha ce da ta cancanci a tsaya a kalla.

A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne da bakinsa ke ba Koje Sarkin Labari tarihin yawonsa. Duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyarsa, daga bakin Alhaji muka ji. To ka tambayi kanka: da Zurƙe ne ya ba da labarin, wa zai zama wawa? Alhajin nan da muke mara wa baya, ba ƙaramin mayaudari ba ne shi ma. Mun yafe masa ne domin shi ke riƙe da zaren maganar.

Shaihu Umar kuwa dattijo ne malami, ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna yana faɗa musu. Saboda haka muryar a kwance take, babu ihu, ko a inda ake sace yaro, ko a inda ake ratsa hamada da bayi. Wasu masu karatu na cewa littafin ya yi sanyi. Ni a ganina wannan sanyin ne ƙarfinsa. Mutumin da ya ga wannan bala'i ya kuma sallama wa Allah, haka zai yi magana. Kuma duk da haka, sashen da ke bin mahaifiyarsa, wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ya fi kowane sashe ciwo, domin ba a yi mana kuka ba, an bar mu mu yi da kanmu.

Idan ka koma kan sabon littafin da ka zaɓa, ka yi masa wannan tambayar. Yawancin marubutan yau suna amfani da mai ba da labari wanda ya san komai, yana shiga zuciyar kowa. Ka lura da wanda ya fi daɗewa a zuciyarsa, da wanda bai taɓa shiga ba. A nan ake gane ɓangaren da marubuci ya tsaya ko da bai faɗa ba. Wasu kuma kan shigo da kansu tsakiyar labari su ce "ni kuwa na ce", su yi sharhi. Ka auna: shigowar ta ƙara armashi, ko ta tsinka maka zare?

Harshe

Ka samu ɗan littafin rubutu. Ka koma wuraren da ka ɗiga wa alama, ka kwafe jimlar da hannunka, sannan ka tambayi abin da ya sa ta yi aiki. Wani lokaci karin magana ce ta faɗo daidai gurbinta. Wani lokaci kirari ne, ko zambo, ko habaici tsakanin kishiyoyi. Wani lokaci kuma gajartar jimlar ce bayan dogaye sun gabace ta. Ka bambance marubucin da ke zuba karin magana don a ce ya iya Hausa da wanda ke sa ta a bakin mutumin da ya dace a lokacin da ya dace. Tsohuwa da 'yar sakandare ba sa magana iri ɗaya. In ka rufe sunaye ka kasa gane mai magana, marubucin bai gama aikinsa ba.

Mu mutanen Jos muna da wata matsala da ya kamata a faɗa. Hausarmu ta yau da kullum ta cuɗanya da harsunan maƙwabta da Turanci, kuma kalmomin sarauta, da na yaƙi, da na kayan doki, da na fatauci, ba kasafai muke jin su ba. Saboda haka tsohon littafi zai yi maka tsauri a shafukan farko. Kada ka tsallake kalmar da ba ka sani ba. Ka rubuta ta, ka duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, ko ƙamusun Bargery na 1934 wanda ake samu a intanet. Wanda ya fi duka kuwa, ka kai wa wani dattijo ko wata gwaggo a gida. Sau da yawa kalma ɗaya za ta jawo maka hirar awa guda a kan yadda kakanni suka zo haƙar kuza, ko yadda ake fatauci kafin zuwan mota, kuma littafin zai ƙara buɗewa ta inda ba ka zata ba.

Taurari, da batun darasi

Mun saba raba mutanen cikin labari gida biyu, na kirki da mugaye, sannan mu jira sakayya. Labari mai nauyi ya wuce nan. Ga kowane babban tauraro ka amsa abu uku: me yake so, me yake tsoro, me ya hana shi samun abin da yake so? Sannan ka duba ko ya canza tsakanin shafin farko da na ƙarshe.

Gwada wannan a kan Rabi ta cikin Alhaki Kwikwiyo Ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya yi amarya. Mai gaggawa zai ce jigon shi ne alhaki ba ya barin mai shi, ya rufe littafi. Gaskiya ne, sunan ma ya faɗa. To amma ka tsaya kan lissafin da marubuciyar ta yi: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, sana'ar abincin da Rabi ta kama ta tsaya da ƙafarta. Sannan ka dubi ƙarshen da kyau, ka tambayi kanka ko abin da aka yanke wa Rabi shi ne abin da take so, ko kuwa abin da dangi da al'ada suka so. Masu karatu sun daɗe suna saɓani a kan wannan, kuma saɓanin alama ce ta cewa littafin na da rai.

Ba na cewa neman darasi laifi ne. Adabinmu tun daga waƙoƙin wa'azi har zuwa tatsuniya yana tafe da gargaɗi, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a matse littafi mai shafi 200 a fitar da jimla ɗaya a ce ita ce duka. In da jimla ɗaya marubuci ke son faɗa, da ya rubuta ta a allo. Haka kuma a daina ɗora wa marubuci zunubin tauraronsa. Nuna ɓarna a labari daban, yabon ta daban, kuma mai karatu na gari shi ne wanda ke iya gane wanne aka yi.

Namu da aka rubuta da Turanci

Wanda ke jin Turanci kada ya tsaya a Hausa kaɗai, domin akwai labaranmu da aka rubuta da shi. Abubakar Adam Ibrahim haifaffen Jos ne, kuma littafinsa Season of Crimson Blossoms, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016, yana ɗauke da tabon wannan gari. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, ta koma zama a gefen Abuja bayan rikicin Jos ya ci mijinta. Littafin ya taɓo abin da mutane da yawa za su ji nauyinsa, wato alaƙarta da wani matashi ɗan daba, kuma ina faɗa tun yanzu domin kowa ya shiga da saninsa. Amma mai karatu Bahaushe zai ga abin da baƙo ba zai gani da sauri ba: alkunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a fili, da abin da wannan ke bari a zuciya in ɗan ya mutu ba a faɗa masa komai ba. A kan wannan ramin aka gina labarin duka. Wanda ya zauna a Jos a 2001 ko 2008 kuma ba sai an yi masa bayanin yarinyar cikin littafin da ke firgita in ta ga jini ba.

In ka gama shi, akwai The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984, da Measuring Time na Helon Habila, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos. Dabarar karanta irin waɗannan ita ce ka riƙa mayar da zancen taurarin zuwa Hausa a zuciyarka. Inda ya koma cikin sauƙi, marubucin ya ji mutanensa da kyau.

Fito da abin da ka gani

Karatu ba ya nuna sai an yi maganarsa. Ka rubuta shafi ɗaya, ba don bugawa ba: abin da marubucin ya yi niyya, inda ya cim ma niyyar, inda ya gaza, da hujja daga cikin littafin ga kowace magana. Kalmar "ya burge ni" ba ta shiga sai da lambar shafi a gefenta.

Sannan ka nemi mutum huɗu ko biyar, ba sai an yi ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Ku zaɓi littafi ɗaya a wata, ku haɗu a zauren wani ko a harabar makarantar Islamiyya bayan an tashi. Mata su yi nasu a gidan ɗaya daga cikinsu. Kowa ya zo da sakin layi ɗaya da zai karanta da murya, da tambaya ɗaya da bai samu amsarta ba. Ku sa dokar cewa ba a ba da labarin daga farko, tunda kowa ya karanta. In da hali ku gayyato wanda ya girme ku da shekara 30, domin abin da zai gani a Jiki Magayi ba shi za ku gani ba.

Da wannan ma'aunin za ka koma kan labaran da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad. Akwai masu hazaƙa sosai a cikinsu, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama da ba a san su ba. Akwai kuma masu jan labari shafi 100 babu abin da ya motsa sai kwatancen mota da atamfa. Ka ba sabon labari babi uku. In a cikinsu ka ji murya, ka ga mutum mai buƙata ta gaske, ka tsinci jimla ko ɗaya da ta cancanci shiga littafin rubutunka, ka ci gaba. In kuwa marubuciyar ta sa kuɗi a kan littafinta, ka biya ta kai tsaye, kada ka karɓi wanda aka sato aka watsa a rukuni.

Bayan littafi biyun farko, ka matsa zuwa na tsakiyar zamani, waɗanda aka fi mantawa da su: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Biyun ƙarshe daga gasar da ma'aikatar al'adu ta tarayya ta shirya suka fito a farkon shekarun 1980, lokacin da labarin Hausa ya juya ya fuskanci fasa-ƙwauri da ta'addancin birni da kuɗin haram. Su ma kowannensu ka nema masa abokin tafiya daga cikin littattafan da suka fito a 'yan shekarun nan, ka sake bin matakan daga kan tambayar wa ke magana.